Garejin da ya gano ciwon motata da kwamfuta

Wata biyu cur na yi ina fama da motata, 'yar Kwatano ƙirar 2008, kafin wani maƙwabcina ya tura ni wannan gareji mai duba mota da kwamfuta a bayan titin Zariya, nan Kano. Idan na tsaya a danja, sai allurar injin ta riƙa hawa da sauka ita kaɗai, daga 600 ta haura 1,500 ta sake faɗowa, kamar wani ne ke taka totur alhali ƙafata tana kan birki. Idan kuma na taka zan tashi, sai motar ta shaƙe, ta yi jim, sannan ta fizge ni gaba. Ranar da tura ta kai bango ita ce ranar da ta mutu mini a tsakiyar cunkoso da tsakar rana, mahaifiyata tana zaune a baya zan kai ta ganin likita, 'yan adaidaita sai danna mini oda suke yi.

Kafin nan bakaniken da na saba da shi ya canza filogi, ya wanke nozul, ya sa na je Ƙofar Ruwa na sayo famfon mai, kuma kowane karo sai ya ce ai an gama.

A sabon garejin wani matashi ne ya karɓe ni. Ya jona na'urarsa a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya nuna mini lamba P0171 a fuskarta, ya ce ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Na ɗauka zai rubuto mini kayan da zan sayo, amma sai ya ce, "Yallaɓai, kwamfuta alama kawai take bayarwa, ba ta faɗin abin da ya lalace, ka bari mu nema tukuna." Ya tada motar, ya ɗauko gwangwanin feshin wanke kafireto yana bin hanyar iska da shi kaɗan-kaɗan, yana kasa kunne. Da ya iso kan babban tiyon robar da ya taso daga akwatin matatar iska zuwa bakin totur, nan take ƙarar injin ta canza. Ya kwance tiyon, ya lanƙwasa shi a gabana, sai ga tsaga mai tsawon ɗan yatsa a ƙasansa, ta laɓe a cikin kwarmin robar inda ido ba ya kaiwa.

Bayaninsa ya zauna mini sosai. Sensar da ke auna iska tana kafin tsagar, saboda haka duk iskar da ta kutsa ta wurin ba ta shiga lissafi, kwamfutar motar kuma sai ta sako mai ƙasa da abin da injin ke bukata, daga baya ta yi ta ƙoƙarin gyarawa. Shaƙewar da take yi wajen tashi kuwa, injin ne ke ɗan karkacewa idan an taka, sai tsagar ta ƙara buɗewa. Ya wanke bakin totur ɗin, wanda baƙin dauɗa ya yi wa kanta, ya sa sabon tiyo, ya saita silo, wato gudun injin idan mota tana tsaye, da na'urar. Allura ta tsaya cak a kan 750. Wallahi na yi farin ciki, amma da na tuna famfon man da aka cire mini alhali lafiyarsa ƙalau, sai raina ya sake ɓaci.

Da a nan aka tsaya, da ba ni da abin faɗa sai yabo. Kwana uku bayan haka, ina kan hanyar Wudil, fitilar injin ta sake kamawa, motar ta koma fizga fiye da da, har na sauka gefen titi gabana yana faɗuwa. Da na lallaɓa na koma, sai aka tarar yaron da aka bar wa ɗaurin ƙarshe bai danna soket ɗin sensar iska ya kama ba, girgizar hanya ta kwance shi. Kuskure kowa yana yi, ban musa ba. Abin da ya yi mini ciwo shi ne na yi zaman kusan awa biyu a kan benci ba wanda ya ce mini sannu, matashin nan ba ya nan, kuma wanda ke karɓar kuɗi ya nemi in sake biyan kuɗin jona na'ura a kan aikin da su suka bari a kwance. Sai da na ɗaga murya, abin da ba halina ba ne, sannan ya janye, kuma har na fita bai ba ni haƙuri ba.

Yanzu mako biyar ke nan motar ba ta sake shaƙewa ba, ko da esi a kunne, kuma mai ya daina ƙarewa da wuri kamar da. Ƙanena ya nemi in kwatanta masa wurin, na kwatanta masa, amma na ce ya tabbatar matashin yana nan kafin ya miƙa mukulli, kuma kada ya bari a rufe bonet sai ya ga an taɓa kowane soket da hannu a gabansa.