Silo moshan (rage gudun bidiyo): a ɗauka da firem mai yawa ko a ja na 25 a wajen editin?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ɗauki shigowar amarya da 25fps (firem, wato hoto, 25 a daƙiƙa), da ka rage gudu a manhajar editin ta Premiere sai ya riƙa kakkatsewa, kana son sanin Optical Flow, ɗaya daga hanyoyin da manhajar ke cike giɓin hotuna, zai wadatar ko sai an ɗauka da firem mai yawa tun farko.

Lissafi ne kawai. 25fps hotuna 25 ne a daƙiƙa ɗaya, in ka mayar da gudun 50% kana neman hotuna 25 su cike daƙiƙa biyu, to ina sauran za su fito? Hanya uku Premiere ke cike giɓin. Frame Sampling maimaita hoton yake yi, shi ya sa kake ganin tsalle-tsallen nan. Frame Blending yana cakuɗa biyu ya bar inuwa-inuwa. Optical Flow kuwa ƙirƙiro sabon hoto yake a tsakani, yana kyau in mutum ɗaya ne bayansa fili, amma a biki? Mayafi na kaɗawa, ana liƙi kuɗi na tashi, hannu na giftawa gaban fuska, wallahi sai ka ga yatsun mutane suna narkewa kamar roba, kuma ga cin lokaci wajen renda, wato lokacin da kwamfuta ke sarrafa bidiyon.

In ka ɗauka da 50fps ka ɗora a taimlayin (layin da ake jera bidiyo a editin) mai 25fps kuwa, kowane hoto na gaske ne, kyamara ce ta gani. A Premiere Interpret Footage za ka shiga ka mayar da shi 25, a manhajar DaVinci Resolve kuma Clip Attributes. 50fps ya ba ka gudun 50%, 100fps kuma 25%. Sai dai sautin ya tashi aiki, katin memori na saurin cika, kuma yana son haske sosai tunda shota, wato lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, sai ka kai 1/100 na daƙiƙa a 50fps.

Abin da ke damuna shi ne yadda yaranmu ke bin 60fps don sun gani a YouTube. Wutar lantarkin Amurka 60Hz ce (juyi 60 a daƙiƙa), tamu 50Hz, shi ya sa fitilun hol ke ƙyaftawa a bidiyonka. Tsaya a 50 ko 100.

Wannan da ka riga ka ɗauka, kar ka sauka ƙasa da 70% ko 80%, sa Optical Flow a gajerun wurare inda amarya ke tafiya a hankali, wajen rawa ka bar shi yadda yake.