Murfin taya a tsohuwar Cessna 172: gudu ya ƙaru, birki ya ɓuya

Murfin faiba guda 3 ne, na tayar gaba da na baya biyu, an ɗaura su a kan ƙaramin jirgin sama Cessna 172 irin na da, mai injin Continental O-300 na ƙarfin doki 145. Gaskiya dai sun yi aikinsu. An gwada da GPS ta fuskoki 3 don a cire lissafin iska, tsayi ɗaya, juyin farfela ɗaya, kuma ƙarin gudun ya tsaya tsakanin mil 2 da 3 a awa. Wanda ya ce maka mil 10 zaƙin baki ne na mai talla. Duk da haka na ji daɗi, domin gudu ne da ba a ƙona ƙarin mai a kansa ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne ƙarfen kankare laka da ke cikin murfin, a bayan taya. Na ɓangaren hagu ya zo a karkace, ramukan kusoshinsa ba su dace ba. In aka matse shi a haka, tazarar da ke tsakaninsa da taya takan yi kaɗan. A ƙasa ba a ganin komai. Sai an sauka, nauyi ya danne taya ta buɗe, sannan ƙarfen ya fara cin roba. Idan kuma aka sassauta shi ya yi nisa, laka da ciyawa su cika murfin. Taɓo ko ruwan da ya maƙale a nan yana daskarewa a sama lokacin sanyi, a zo sauka taya ta ƙi juyawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma takardar da ta zo da kayan ko tazarar ba ta ambata ba! Sai da bakanike ya koma littafin gyaran jirgin ya auna, ya miƙe ƙarfen, sannan ya sake lissafin nauyi da daidaito ya sa hannu.

Ga kuma ɗan ramin bawul da ko yatsa biyu ba sa shiga. Duba iskar taya ya zama aiki, sai an tura jirgi gaba da baya ana laluben bakin bawul. Takalmin birki, faifansa da ɗigar mai duk sun ɓuya, dole sai da tocila a durƙushe kafin kowane tashi.

Mai tashi daga kwalta zuwa kwalta ya saya, ba zai yi nadama ba, muddin zai riƙa cire murfin ana duba ciki. Mai sauka a filin ciyawa da laka kuwa, a'a. Gara ya kai kuɗinsa wajen daidaita fukafukai da gyara ƙofar da ba ta rufuwa sosai, domin jirgin da ke tafiya a karkace yana zubar da gudun da murfin ya kawo. Jan layin da ke kan agogon gudu kuma, wato iyakar gudun da ba a wucewa, yana nan inda yake.