Jika ɗaya da rabi a kan littafin da ya ratsa saman Damagaram

Kuɗina bai tafi a banza ba, amma ba littafin da zan miƙa wa yaro in juya baya ba ne. Bugun aljihu ne na Faransanci, Cinq semaines en ballon na Jules Verne, na hannu, na saye shi wajen masu baza littattafai a ƙasa kusa da kasuwar Dole a nan Zinder. Takardar ta yi ja, gam ɗin bayan ya bushe har shafuka na neman zubewa, rubutun kuma ƙanana ne ƙwarai, in aka ɗauke wuta sai dai a haƙura zuwa safe. Zanen hannun da ke ciki kam ya fito tas.

Tarihin marubucin da aka sa a farko ya fi komai yi mini daɗi. An haife shi a Nantes a 1828. Ubansa lauya ne, ya tura shi Paris karatun shari'a don ya gaje shi, yaro ya ɓige da rubuta wasan kwaikwayon da ba ya ciyar da kowa. Da ya auri Honorine a 1857, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa mata biyu, dole ta sa shi dillancin hannun jari, rubutu sai da asuba kafin fita aiki. Haɗuwarsa da mai buga littattafai Hetzel a 1862 ita ta buɗe masa ƙofa. A watan Janairun 1863 wannan littafi ya fito, ya samu kasuwa, daga nan ya zauna rubutu har ya fitar da labarai sama da 50 kafin rasuwarsa a Amiens a 1905. Ba a ɓoye baƙin cikinsa ba: a 1886 ɗan ƙanensa Gaston ya harbe shi a ƙafa, ya ƙare rayuwarsa da ɗingishi, kuma cikin watan da aka harbe shi Hetzel ya rasu. Wani abin dariya, mutumin da ya yi suna da balan-balan bai hau shi ba sai 1873, shekara 10 bayan littafin, ya yi minti 24 a sama ya sauko.

Labarin kansa na Turawan Birtaniya uku ne da suka tashi daga Zanzibar cikin kwandon wani ƙaton balan-balan, iska na kora su yamma har kogin Senegal. Sun bi ta tafkin Chadi, Agadas da Tambutu. Wajen da Joe, baran shugaban tafiyar, ya yi tsalle cikin tafki don a rage nauyi ya hana ni ajiye littafin, ko shayi na bari ya huce.

Sai ga Zinder, layi biyu ko uku. Abin da kawai suka hango daga sama shi ne filin kashe mutane da wani itacen mutuwa, hauni na tsaye a gindinsa. Shi ke nan garinmu. Ba ganuwar Birni, ba fadar sarki, ba Zango inda ayarin raƙuma ke sauke kaya daga Tarabulus kafin su wuce Kano, ba marina, ba dukawa. Verne bai taɓa taka ƙasar nan ba. A ɗaki ya zauna da taswira da rahotannin matafiya irin su James Richardson, wanda ya iso Zinder a 1851, da Heinrich Barth da ya zo a ƙarshen 1852, ya tsinci abin da zai sa gashin jikin mai karatu a Paris ya tashi. Baƙar fata kuma kusan ko'ina a littafin ko masu cin naman mutane ne ko masu sujada ga balan-balan. Shekara 36 bayan fitowarsa sojan Faransa suka shigo garin nan da bindiga, kuma ina ganin da yawansu da irin wannan hoto suka taso tun suna lakkol.

A nan bugun ya gaza. Masu gabatarwa sun ɓata shafuka suna yabon yadda ya hango jirgin ƙarƙashin teku da tafiya duniyar wata, amma ko ɗan bayani a ƙasan shafi babu a kan inda ya samo Afirkarsa. Faransancin ma na da ne, cike da lissafin iskar haidurojin da sunayen kayan awo. Ɗiyata da ke shirin jarrabawar BEPC ta ƙarshen ƙaramar sakandare ta gaji tun a babi na bakwai, sai da na ce mata ta tsallake lissafin ta shiga tafiyar.

Malamin Faransanci ko na tarihi, ya saya ko da an ce jika biyu, darasi guda ne a kwance cikin layukan nan na Zinder. Mai neman nishaɗi ma zai samu, in ya daure wa babobin farko. Sai dai a duba shafuka tun a gaban mai kaya, don irin wannan gam ba ya riƙe na ƙarshe.