Ciwon ƙashi: eksire ko MRI?

Manomi a Mai Wurno da ke Sudan ya taka ƙaya, ƙafa ta kumbura tana mugunya, likita na son sanin ko ciwon ya kai ƙashi. Eksire ya fi araha, sai dai ɓarnar ba ta fitowa a hotonsa sai bayan kwana 10 zuwa 14, ƙashi ya riga ya zaizaye.

MRI kuwa, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da ƙarfin maganaɗisu, tun kwanakin farko take nuna kumburin ɓargo da iyakar ruɓa. Da ita likita ke hasashen ko magani zai isa, ko sai an kankare ƙashin, ko a yanke ƙafar. Matsalarta kuɗi, ga yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya durƙusar da asibitocin Khartum.

A ganina a fara da eksire, amma in ya fito lafiya alhali zogi bai daina ba, a nemi MRI.