Hattara da mai “sito”: gargaɗi ga masu tayar da tsofaffin kekunan tsere

Assalamu alaikum. Jama'a masu sha'awar tsofaffin kekuna, akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp da Facebook na masu keke, yana cewa ya sayi sito guda na kayan kekunan tsere na da, waɗanda ba a taɓa ɗaurawa ba, sun dai tsufa ne a cikin kwali. Ba zan kama suna ba, domin sunan da yake amfani da shi ba nasa ba ne, kuma yana sauya shi tare da lambar waya. In na ambata, wani bawan Allah mai irin sunan zai sha zagi a banza. Salon aikinsa ne ba ya sauyawa, shi zan bayyana muku.

Ba ya fara tallata wani kaya takamaimai. Jira yake wani ya rubuto cewa yana neman abu kaza, misali abin canza giya na baya ƙirar Campagnolo, ko hannun feda na Stronglight, ko birkin Mafac na tsohon keken Peugeot. Sai ya bi mutum ta bayan fage da sallama da ladabi, ya ce yana da shi sabo fil. Hoton da zai turo mai kyau ne ƙwarai, an shimfiɗa kayan a kan farin ƙyalle, har da kwalinsa na asali. Farashin kuma ba mai arhar da zai sa ka yi shakka ba ne, ɗan ƙasa ne kawai da abin da ka sani. Daga nan sai gaggawa: wai wani daga Legas ya riga ya taya, amma ya fi so ya sayar wa ɗan'uwa, a turo kafin alƙalami yau. In ka tura, gobe sai kuɗin mota. Jibi direba ya ce an tsare kaya a hanya, a ƙara wani abu. Wasu daga nan wayar ke mutuwa. Wasu kuma ana aiko musu da ƙunshi a tasha, su buɗe su tarar da kayan keken yara na yanzu, ko tsohon ƙarfe mai tsatsa da ba ya shiga ko'ina a jikin kekensu. In ka yi magana, amsarsa ɗaya ce: “Ai duk ɗaya ne, Alhaji, ka kai wa mai gyara zai shiga.”

Wannan maganar ita ce ƙaryar da ta fi ƙona mini rai, domin tana kashe keke, ba kuɗi kaɗai take ci ba. A tsofaffin kekunan tsere babu wani “duk ɗaya ne”. Kowace ƙasa da nata awon. Ɗauki ramin nan na ƙasan firam inda sandar feda ke ratsawa. Na Ingila tiredinsa inci 1.37 ne, haƙora 24 a kowane inci, faɗin ramin milimita 68. Na Italiya milimita 36 ne, faɗinsa 70. Na Faransa milimita 35 ne, kuma ɓangarorinsa biyu duk dama ake ɗaure su, alhali na Ingila ɓangaren sarƙa hagu ake ɗaure shi. Raleigh kuwa, wadda iyayenmu suka sani tun zamanin da ake haɗa ta a Kano, ta daɗe tana amfani da nata tiredin na daban mai haƙora 26 a yawancin kekunan da ta ƙera a birnin Nottingham na Ingila. Bambancin na Ingila da na Faransa bai kai ido ya gani ba. Zai kama zagaye ɗaya ko biyu kamar gaske, sai ya cije. Mai gyaran da bai sani ba sai ya sa babbar sifana ya danna da ƙarfi, shi ke nan tiredin firam ya cinye. Firam ɗin da ya yi shekara hamsin lafiya lau ya lalace a yini ɗaya saboda maganar ɗan damfara.

Haka abin yake a taya. Wilin inci 27 na tsofaffin kekuna awonsa milimita 630 ne, na 700C da ake yayi yanzu 622, na babbar Raleigh ta kai kaya kasuwa mai lamba 28 x 1½ kuma 635. Babu tayar ɗayansu da ke zama a kan ɗaya. Tazarar ƙafafun baya ma haka: milimita 120 ga mai giya biyar, 126 ga mai shida ko bakwai, 130 ga waɗanda suka biyo bayansu. Hatta kayan aikin kwancewa yana damfarar mutane da su. Abin zare hannun feda da aka saba da shi milimita 22 ne, amma tsohon hannun feda ƙirar TA 23 yake so, tsohon Stronglight kuma 23.35. Ɗan damfarar nan ya sayar wa wani ɗan'uwanmu na gama-gari a matsayin na Stronglight, aka ɗaura, aka murɗa, tiredin alminiyon ya fito kamar gari. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke samun tsofaffin Peugeot da Motobécane a cikin kayan gwanjo su suka fi kowa shiga wannan haɗari, domin kusan komai na keken Faransa na wancan zamani awonsa daban ne, har feda da wuyan kan keke.

To a nan ne kuma asirinsa ke tonuwa. Mai sayar da kayan da na gaskiya ya san waɗannan lambobi kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Wannan kuwa bai sani ba, saboda kayan ba sa hannunsa. Ka tambaye shi: na Ingila ne ko na Faransa? Zai ce “orijinal ne”. Ka ce ya karanta maka abin da aka buga a jikin ƙarfen. Abin canza giya na Campagnolo Nuovo Record yawanci yana ɗauke da kalmar PATENT da lambobi biyu na shekarar ƙira a samansa. Tsofaffin kayan Shimano suna da haruffa biyu ƙanana, na farko shekara, na biyu wata. Wanda kaya ke gabansa minti ɗaya ya ishe shi ya juya ya ɗauko hoton wurin. Shi kuwa sai ya ce yaron shago ya fita da makulli.

Akwai kuma ɓangare na biyu na sana'ar tasa, wato sayar da firam. Takardun mannawa na bututun firam masu daraja irin su Reynolds 531 da Columbus, da na manyan kamfanonin keke irin su Colnago da Bianchi, ana buga sababbinsu, kowa na iya saye, kuma halal ne ga wanda ke gyara kekensa na asali. Shi sai ya samo firam na talakan keke, ya fesa fenti, ya manna, ya kira kuɗin manya. Misalin da ya fi shahara a duniyar masu wannan sha'awa shi ne Peugeot UO-8 da ake sayarwa da sunan PX-10. Daga nesa sun yi kama. Amma PX-10 da bututun Reynolds 531 aka yi ta, ba ta da nauyi, kuma inda wilin baya ke shiga ƙarfe ne mai kauri da aka ƙera tare da kunnen rataya abin canza giya. A UO-8 kuwa wurin falle ne siriri da aka datsa, kuma ta zo da hannun feda na baƙin ƙarfe mai ƙusa. Keke ce mai kyau a matsayinta, ni ba na raina ta, amma ba a sayen ta da kuɗin PX-10. Sandar sirdi ma tana ba da shaida: firam ɗin Ingila ko Italiya na bututu mai daraja galibi 27.2 yake ɗauka, na talakan bututu kuwa ya fi haka siranta sosai.

Sabon fenti a kan tsohon firam abin tsoro ne ta wata fuskar. Ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, dab da wuyan keke. In ka ji tudu ko ƙwarya-ƙwaryan lanƙwasa, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Ka bi jikin da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike rami ne da hodar masu gyaran jikin mota. Irin wannan firam yana iya karyewa kana cikin gangara, kuma a nan maganar ta wuce ta kuɗi, ta koma ta rai.

Saboda haka kafin ka tura ko sisi, ka sa hoton da ya turo a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet. Hotunan wannan mutum daga tsofaffin tallace-tallacen eBay na Turai da Amurka ake samun su. Ka nemi ya kira ka ta bidiyo, kayan a hannunsa, da takarda mai sunanka da kwanan wata a gefe, ya ɗora ma'auni ka ga lambar da idonka. In ya ce yana wani gari, ka tura wanda ka sani a garin ya gani ya biya hannu da hannu. In sunan asusun banki ya saɓa da sunan da ya ba ka, ka tsaya nan. Masu saye daga waje kuma kada ku yarda a ja ku ku biya a wajen shafin da kuka ga tallan, domin kariyar mai saye ba ta bin kuɗin da ya fita ta bayan gida.

Wanda ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana hirar da rasit ɗin tura kuɗin, ya je bankinsa a ranar ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya kai rahoto wurin 'yan sanda ko EFCC, sannan ya sanar da shugabannin zauren da ya haɗu da mutumin, su cire lambar kafin ya bi wani ta bayan fage.