Sakin kundin waƙa kwatsam ko bayan share fage

Mawaƙin da ya kammala kundinsa hanya biyu ke gabansa: ya sake shi kwatsam, ko ya fara share fage da waƙa ɗaya.

Mawaƙiyar Amurka Beyoncé ta bi ta farko ranar 13 ga Disamba 2013, inda ta zuba waƙoƙi 14 da bidiyo 17 a iTunes, shagon sayar da waƙoƙi ta intanet, ba tare da sanarwa ba. Cikin kwana uku an sayi kwafi fiye da dubu 800. Sirri yana hana waƙoƙin fita ta bayan fage, amma masu sharhi sukan yi rubutu a gurguje, bayan saurare ɗaya ko biyu. Faifan garmaho ma ba ya samuwa ranar, domin bugunsa kan ci watanni. Wannan hanya sai wanda ya riga ya yi suna. Sabon mawaƙi in ya gwada, kundin zai wuce shiru.

Mawaƙiyar Birtaniya Adele ta bi ta biyu: ta saki waƙar "Hello" ranar 23 ga Oktoba 2015, kundinta mai suna "25" ya biyo baya ranar 20 ga Nuwamba, aka sayi kwafi miliyan 3.38 a Amurka a makon farko. Share fage yana ba da damar aika wa 'yan jarida kundin tun da wuri, su saurara a tsanake. Spotify kuma, dandalin sauraron waƙoƙi ta intanet, yana son a miƙa wa editocinsa waƙa ɗaya aƙalla kwana bakwai kafin fitowa, don su duba ko za su sa ta cikin jerin waƙoƙin da suke zaɓa wa masu sauraro. Haɗarin share fage shi ne, in waƙar farko ba ta karɓu ba, sha'awar kundin takan mutu tun bai fito ba.

Kowace aka zaɓa, a saki ranar Juma'a: Billboard, mai fitar da jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Amurka, yana ƙirga mako daga Juma'a zuwa Alhamis.