Wane tsohon fiyano za ka saya idan gyara kake son koya?

An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma wanda ya riƙe wannan magana ya shiga cinikin tsohon fiyano zai sha mamaki. Fiyano ba ya ƙara kyau da tsufa. Akwati ne na katako da ulu da fata da ƙarfe, a cikinsa akwai tsarkiyoyin waya kusan 230, jimillar jan da suke yi ya kai tan 18 zuwa 20, kuma ba sa hutawa dare da rana, ko ana kaɗawa ko an rufe shi a sito. Bayan shekara hamsin ko tamanin, dole wani wuri ya gaji. Mai saye ba abin da yake nema illa ya gano inda ya gajin, sannan ya auna ko hannunsa da aljihunsa za su iya da shi.

Da wanda yake son koyon sana'ar nake magana, wanda ke neman fiyanon da zai kwance ya ɗaure kamar yadda yaron bakanike ke samun tsohon inji. Wanda kiɗa kawai yake so, gaskiya na lantarki mai madannai 88 masu nauyi zai fi masa kwanciyar hankali, musamman a garin da sai an yi tafiyar yini kafin a samu mai saiti, wato mai daidaita muryar tsarkiyoyi.

Mafi araha, wani lokaci ma kyauta, su ne tsofaffin na tsaye, masu kama da kabad da ake jinginawa da bango, 'yan Ingila na ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. A Ingila da Amurka mutane kan roƙi wanda zai zo ya ɗauke musu su, a nan gida kuwa akan ci karo da su a coci-coci da tsofaffin makarantun mishan. Su ne suka fi ɗaukar ido: sassaƙa a gaba, wani har da mariƙin kyandir na tagulla. Ka ɗaga murfin sama ka leƙa. Idan ka ga tsarkiyoyin duk sun miƙe a tsaye, babu waɗanda suka gitta kan wasu, sannan ga jerin wayoyi a gaban 'yan gudumomin da ke bugun tsarkiyoyin, kamar kejin tsuntsu, to ka yi godiya ka kama hanya. A irin wannan gini, abubuwan da ke kashe amo suna sama da gudumomin ne, ba sa tsayar da sauti sosai, kuma wayoyin nan suna tare hannun mai saiti. Abin da za ka koya a kansa ba zai yi maka amfani a fiyanon zamani ba sai kaɗan. Ni irin wannan na fara saye, daga siton wata makaranta. Na biya ƙarti shida suka ɗora shi a mota, na share mako ina goge tagulla, ranar da na ɗora makulli a kan turken farko, wato ƙarfen da ake naɗe tsarkiya a kai, na ja, ina saki ya koma da kansa. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya, fiye da rabi ba su riƙe komai. Daga baya katakon jikinsa ya zama teburin aikina.

Ginin da ake bi har yau ya tsaya ne a kan abu biyu. Alpheus Babcock ya yi wa firam na zubin ƙarfe guda ɗaya, wanda ke ɗauke da jan tsarkiyoyi, rajista a Boston ta Amurka a 1825, kamfanin Steinway kuma ya yi rajistar gitta tsarkiyoyin kauri a kan sauran a fiyano na kwance, babban nan mai kama da tebur, a 1859. Cikakken firam na ƙarfe, tsarkiyoyi a gicce, sai na uku, masu kashe amo a ƙarƙashin gudumomi: wanda ya rasa ɗaya daga cikin ukun nan ba na ɗan koyo ba ne.

Wannan ya kawo mu ga wanda ni zan zaɓa wa kowane sabon shiga, wato na tsaye na tsakiyar ƙarni na 20, daga wajen 1950 zuwa 1980, irin su Knight da Kemble da Chappell na Ingila, ko takwarorinsu na Jamus. Ba su da ado, da yawa ma don makarantu aka ƙera su, jikinsu duk kwarzane. Amma cutarsu irin wadda ake so ce. Gudumomi sun yi tsagi inda suke bugun waya, sai a goge su da yashin takarda a mayar musu da siffa. Madannai suna rawa hagu da dama saboda ulun da ke cikin raminsu ya cinye. 'Yan igiyoyin da ke mayar da guduma sun ruɓe, wani madanni ya maƙale, wani feda yana kuka. Duk ayyuka ne da ake yi da ƙananan kaya a kan tebur, kuma kowanne sau tamanin da wani abu za ka maimaita shi, wanda shi ne ainihin makarantar. Idan ka ɓata, ba dukiya ka ƙona ba. Kamfanonin da yawa sun rufe, masana'antar Kemble ta Milton Keynes ma ta tsaya a 2009, amma kayan gyaran cikinsu na gama-gari ne, dillalan kayan fiyano suna sayarwa har gobe.

Akwai 'yan gajeru na Amurka, waɗanda tsayinsu bai kai mita ɗaya ba, da aka sauke injinsu, wato jerin gudumomin da kayan da ke motsa su, ƙasa da madannai. Fitar da injin kaɗai aikin yini ne ga wanda bai saba ba, sautin kuma bai taka kara ya karya ba. A bar su.

Gwanjon Japan wani mataki ne daban. Yamaha U1 mai tsayin santimita 121, da U3 mai 131, da makamantansu na Kawai, su ne dokin aikin wannan kasuwa. Kuɗinsu ya ninka na 'yan Ingilan nan sau da yawa, amma an ƙera su da daidaito, suna karɓar saiti cikin sauƙi, kuma in ka tashi sayarwa ba ka rasa mai saye. Don koyon saiti babu kamarsu, domin kunne yana jin abin da hannu ya yi ba tare da hayaniya ba. Don koyon gyara kuwa ba su da isasshen ciwo. Abin lura shi ne yawancin waɗanda ke yawo a gwanjo don gidajen Japan aka yi su, ƙasa mai laima, kuma Yamaha da kansa ya sha jan kunne cewa irinsu kan samu matsala idan aka kai su busasshen wuri. Kada ka ɗauki bakin dillali game da shekaru. Lambar ƙira tana jikin firam daga sama, kamfanin kuma ya wallafa jadawalin da ke nuna shekarar kowace lamba. Sabon fenti baƙi mai sheƙi ba ya gaya maka komai.

To, sai babban tarko: na kwance mai babban suna, Steinway ko Bechstein ko Blüthner, dukkansu ukun kamfanonin 1853. Irin waɗannan ne kaɗai sake ginawa gaba ɗaya ke biyan kansa, domin sunan zai riƙe farashi. Sai dai sake ginawa na nufin ɗaga firam mai nauyin gaske da ƙugiya, sassaƙa sabon katakon turaku ya zauna daidai da ƙarfe, huda ramuka sama da 200 a kusurwa ɗaya, ɗaura sababbin tsarkiyoyi, wani lokaci har da sabon allon amo, wato faifan katakon da ke ƙara wa tsarkiyoyi sauti. Aikin shago ne mai injuna, na wanda ya yi shekaru a ƙarƙashin wani. Ɗan koyon da ya fara da wannan, yawanci sai dai ya bar wa magada tarin kwalaye. Ga kuma maganar hauren giwa. Idan ka ga siririn layi ya raba farin madanni gida biyu, akwai alamar haure ne, kuma tun 1989 yarjejeniyar CITES ta kare namun daji ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe. A Birtaniya sai kayan kiɗan da aka ƙera kafin 1975, wanda hauren bai kai kashi 20 cikin 100 na jikinsa ba, kuma aka yi masa rajista, ake iya sayarwa. Tsallaka iyaka da shi kuwa sai da takardu.

Ko wanne ka nufa, kada ka je hannu rabbana. Ka tafi da tocila da makullin saiti da wayar salula mai manhajar auna sauti, ka nemi izinin cire allunan gaba na sama da na ƙasa. Mai kayan da ya hana ka buɗewa ya riga ya ba ka amsa. Ka fara da auna madannin A na tsakiya, wanda ya kamata ya ba da 440, wato kaɗawa 440 a daƙiƙa. Idan duk fiyanon ya sauka tare, ko da rabin murya ne, wannan rashin kulawa ne kawai, ana ɗago shi a zama biyu ko uku. Abin tsoro shi ne madanni ɗaya ya fitar da murya biyu masu nisa da juna, domin alama ce turke ya saki. Ka ɗora makulli a wurare daban-daban, ka sassauta kaɗan ka mayar: turke mai lafiya yana turjiya a hannu. Alamar alli a gefen turaku, ko baƙin tabon ruwan maganin matse turke a gindinsu, na nufin wani ya riga ka yin fama da su. Turke ɗaya ko biyar ana maye su da masu kauri. Idan layi guda ne suka saki a jere, katakon ne ya tsage a ɓoye bayan ƙarfe, kuma a na tsaye wannan ajali ne.

Daga nan ka durƙusa ka haska jakin, wato doguwar gadar katakon da tsarkiyoyi ke hawa, kamar dai na garaya. Ka duba na ɓangaren kauri musamman, ko ya tsattsage a gindin 'yan ƙusoshinsa. Tsagewar allon amo ita ce ke firgita mutane, alhali sau da yawa fiyano yana rayuwa da ita, muddin haƙarƙarin da ke bayansa bai rabu ba yana zuzu. Tsagewar firam na ƙarfe kuwa babu ciniki. Ka duba garin katako a ƙasa, da aikin asu a ulu, ka kuma shinshina, don fitsarin ɓera yana cin waya da tsatsa.

Mu da ke arewa muna da ƙarin abokin gaba wanda littattafan Turawa ba su san girmansa ba. Makaɗin kalangu ya san damina tana sakar masa fata. Fiyano akasin haka yake: da damina allon amo yana kumbura, sauti ya hau, da hunturu ya tsuke, sauti ya faɗi. Masu ƙira suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 40 da 50 cikin 100, mu kuwa a Kano ko Sakkwato yakan faɗi ƙasa da 20 da rana a watan Janairu, ya haura 70 a Agusta. Wannan kai-komon ne ke sassauta turaku yana ɓalle gam. Saboda haka fiyanon da ya yi shekara ashirin a Jos ko Zariya kuma turakunsa na riƙe, ya fi mini wanda aka sauke daga kwantena a Legas makon jiya, ko da na biyun ya fi sheƙi. Na farkon ya riga ya ci jarrabawa. In da hali, ka je dubawa cikin hunturu, lokacin da duk aibi ke fitowa fili.

Kayan aiki ba su da yawa, kuma wuri ɗaya ne ba a tsumulmula: makullin saiti. Mai araha bakinsa ba ya zama daidai, yana lanƙwasa, yana cinye kusurwar turke. Sauran, 'yan robobin toshe tsarkiya da zirin ulu da ƙarfen da ke ba da muryar A440 da sukuddireba, ba su da tsada. Manhajar gita ba ta aiki a nan, domin wayar fiyano tana da tauri, sautukan da ke saman muryarta suna ɗan haurawa, dole a ɗan buɗa tazarar muryoyi gwargwadon kowane fiyano. Manhajoji irin su TuneLab da Verituner da PianoMeter suna auna wannan su lissafa maka. Amma ba su koya wa hannu yadda ake zaunar da turke ya tsaya bayan an buga da ƙarfi.

Hanyar koyo kuma kowa da ƙarfinsa. North Bennet Street School a Boston tana da kwas na wata tara, da wani wata tara na sake gini. A Jamus shekara uku da rabi ake yi, wani lokaci a shago wani lokaci a makaranta, kamar ta Ludwigsburg. Ƙungiyar Piano Technicians Guild ta Amurka, wadda aka kafa a 1957, tana ba da shaida bayan jarrabawa uku: ta rubutu, ta saiti, da ta gyara. Akwai kwasa-kwasan intanet, suna da amfani wajen sanin sunaye da ma'aunai. Ga yawancinmu dai, abin da zai yiwu shi ne a samu tsohon hannu a riƙe masa jaka, a yi haƙuri da halinsa, a dawo gida a gwada a kan naka.

Aikin farko da zai ba ka shi ne madanni ɗaya mai tsarkiya uku. Ka toshe ɗaya, ka saurari biyu suna kaɗawa wau-wau-wau, ka juya a hankali har kaɗawar ta yi jinkiri ta ɓace. Za ka yi makonni a kan haka. Kafin kowane ja, ka bi tsarkiyar da yatsa har zuwa turkenta, domin idan kana juyawa ba ka ji sauti ya motsa ba, to a kan turken maƙwabciya kake, kuma saura ƙiris ta tsinke.